Jibo Hamani da littafinsa na tarihin Adar



Bara da rani, a ajinmu na yaƙi da jahilci, na rubuta kalma guda bisa allo: iyaka. Haruffa biyar ne, ba su da wuya. Kowa ya duƙa yana kwafewa cikin kayensa. Sai wani dattijo da ke zama can baya, kusa da ƙofa, ya aje alƙalaminsa ya ce: "Mushe, ina da tambaya. Kafin a kafa turakun iyaka, mu mutanen ina ne?"

Na san abin da ya sa ya yi tambayar. Ɗiyarsa tana aure a Illela ta Najeriya, wadda ke ƙetaren Ƙwanni. Lokacin da anka rufe iyaka a 2023 ta haihu, shi kuwa bai samu zuwa suna ta hanyar mota ba. Tafiyar da yaro kan yi bisa keke, ita ce ta gagari tsoho.

Na ce masa: "Baba, ba ni kwana biyu." Gaskiya ita ce amsar da ke bakina ba ta kai ta ƙosar da shi ba. Na yi makarantar horon malamai, na san shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, na san sunayen koguna da manyan birane. Amma ban iya jera masa labarin ƙasar da muke takawa ba. Wani abokina malami ya ara mini littafi. Littafin nan nake son in yi maka sharhinsa yau.

Sharhi ba yabo ba ne, ba kuma zagi ba. Ka ga yadda mai sayen sa yake yi a kasuwar dabbobi? Ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya dubi ƙafafu, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. In ya yaba, da dalili. In ya kushe, da dalili. Haka ake yi wa littafi.

Mai littafin shi ne Farfesa Jibo Hamani. Bisa bangon littattafansa za ka ga an rubuta Djibo, irin rubutun Faransanci. Ɗan ƙasarmu ne, masanin tarihi, ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a jami'ar Yamai, wadda ake kira Jami'ar Abdu Mumuni. Jami'ar Tawa kuwa sunansa take ɗauke da shi. In ɗanka ko ƙanenka yana karatu can, tambaye shi ko ya san aikin mutumin da anka sa wa makarantarsu sunansa.

An buga littafin a Yamai a 1975, a cibiyar binciken da ake kira IRSH, cikin jerin littattafanta, shi ne lamba 38. Sunansa a taƙaice L'Adar précolonial, wato Adar kafin zuwan Nasara. An sake buga shi a Paris a 2006. Bayan shi Hamani ya juya arewa. A 1989 ya fitar da babban littafi bisa sarautar Agadas da ƙasar Abzin. A 2007 ya fitar da wani bisa tarihin Musulunci a Nijar, tun daga ƙarni na 7 har ƙarni na 19. In ka jera su za ka ga hanya guda yake bi. Ya fara daga Adar, ya bi sawun masu sarautarta har Agadas inda sunka fito, sannan ya dubi yankin gaba ɗaya.

Ba shi kaɗai ba ne a wancan zamani. Bubu Hama ya riga shi, ya fitar da tarihin Gobir da Sakkwato a 1967. Andre Salifu ya rubuta na Damagaram a 1971. A Zariya kuma Yusufu Bala Usman ya yi na Katsina, anka buga a 1981, kuma sai da ya ƙetaro Maraɗi neman labari wajen tsofaffi. Dukkansu abu guda ya dame su. Nasara sun daɗe suna rubuta tarihinmu kamar ranar da sunka iso ce anka fara duniya. Su kuwa sunka ce a'a, bari mu koma baya.

To, me littafin ya ce?

Ya fara da ƙasa kanta: duwatsun Adar, da kwaruruka masu ruwa kusa irin na Majiya, da mutanen da sunka riga kowa zama, wato Azna. Manoma ne da mafarauta, kowane gari da manyansa da masu kula da tsafin ƙasa. Ba su da babban sarki guda bisa kansu. Wannan ya kamata ka riƙe, don mutane da yawa suna tsammani tun fil azal akwai Sarkin Adar. Ba haka ba ne. Gonaki sun girmi rawani.

Sai ƙarni na 16, lokacin da Kanta ya kafa daular Kabi, can kudu maso yamma, da birninsa Surame. Ikon Kabi ya miƙo har Adar. Ka lura, Kabi yau tana cikin Najeriya. Wato shekara ɗari biyar da sunka wuce, ikon da ke bisa kakannin mutanen Illela ta Adar daga kudu yake tasowa.

Daga nan iska ta juya. A Agadas akwai sarki mai suna Muhammadu Mubarak, ya yi mulki daga 1654 zuwa 1687. Ɗansa Agabba ya jawo yaƙi ya ci Kabi a 1674, ya fizge Adar daga hannunta. Da ubansa ya rasu ya hau gadon Agadas. A 1721 ɗan'uwansa ya tuɓe shi. Agabba ya sauko kudu da mutanensa, ya zauna Adar, ƙasar da ya ci da yaƙi tun yana yarima. Daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta taso, wadda daga baya ta zauna Illela. Tare da wannan sarauta Lisawan sunka samu gindin zama a ƙasar. Ka ga ikon da dā yake zuwa daga kudu, yanzu ya zo daga arewa.

Nan wurin ne littafin ya fi yi mini daɗi, kuma ba don labarin yaƙi ba. Don yadda mai shi yake aiki ne.

Kai ma ka taɓa jin ana cewa sarakunan Agadas, da na Adar da sunka fito daga cikinsu, asalinsu Istambul ne, can ƙasar Turkawa. Wai mutanen Abzin sunka rasa wanda zai raba musu gardama, sunka tafi wajen Sarkin Istambul ya ba su ɗansa. Labari ne mai daɗin ji, maroƙa suna sonsa, ƴan sarki ma haka. Mai neman a yabe shi a fada da sai ya rubuta shi yadda ya ji, ya wuce. Hamani bai yi haka ba, a wannan littafi da na Agadas. Ya aje labarin baka gefe guda, ya aje tsofaffin takardun larabci na Agadas gefe guda, ya gwada su. Takardun sun nuna an kafa sarautar wajen 1405, sarki na farko sunansa Yunus. Bai karɓi zancen Istambul a matsayin abin da ya faru ba. Amma bai raina masu faɗinsa ba. Labari irin wannan yana da aikin da yake yi, yana ɗaukaka gida, yana sa a ga sarki ba na wata kabila guda ba ne.

Ka san wannan aiki, ko ba ka taɓa kiransa bincike ba. In an kawo rigimar gona gaban mai gari, ba ya jin bakin mutum guda ya yanke. Sai ya kira maƙwabcin gabas, ya kira na yamma, ya tambayi wanda ya ga ranar da anka dasa gamba a tsakani. Masanin tarihi na kirki haka yake. Hamani ya zauna da tsofaffin Adar ya ji daga bakinsu, ya karanta abin da malaman Agadas da na Sakkwato sunka rubuta da larabci, ya duba takardun Nasara. Inda sunka haɗu ya tsaya da ƙarfi. Inda sunka saɓa ya auna.

Sai zamanin jihadi. A nan mu mutanen Ƙwanni da Malbaza muke shigowa da ƙarfi. Na san wani zai ce: "Mushe, Ƙwanni ai ba Adar ba ce." Gaskiyarka. Ƙwanni tana da sarautarta da tarihinta. Amma ba a ba da labarin gida a tsallake maƙwabcin da ake haɗa danga da shi.

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, kusa da Galmi. Ka ji, Galmi tamu ta albasa. Ya girma a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, a shekarar nan anka yi yaƙin Tabkin Kwatto, kuma Ƙwanni tana cikin garuruwan farko da yaƙin ya taɓa. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Mutumin da ake ziyarar kabarinsa a Sakkwato, wanda miliyoyin mutane suke ɗauka ɗan Najeriya ne, cibiyarsa tana binne a wannan gefe namu. A zamaninsa ba Nijar, ba Najeriya. Malami yakan tashi daga Agadas ya karantar a Adar, almajirinsa ya je ya karantar a Gobir ko Zamfara, ba mai tambayarsa takarda.

Jihadin ya girgiza Adar ita ma. Cikin Abzinawa wani malami mai suna Muhammadu Jelani ya ɗaga tasa tuta, wani jarumi mai suna Ibra ya tsaya masa. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19 ƙarfin Sarkin Adar ya ragu, Kel Geres da Iwillimmedan sunka zama masu faɗa a ji, Sakkwato kuma tana kallo daga kudu. Talaka yana tsakani, yana biyan wannan, yana gudun wancan. Wannan sashe yana da sunaye da yawa, ni kaina sai da na koma baya sau biyu kafin in rarrabe wane ne abokin wane.

In ka haɗa duka, ga abin da littafin ya koya mini. Mu da muke ganin kanmu a bakin ƙasa, nesa da Yamai, inda kwalta take ƙarewa ga shingen duwan, dā a tsakiya muke. Gishiri da dabino da raƙuma suna saukowa daga arewa. Hatsi da tufafi da goro suna hawa daga kudu. Sarauta ta zo daga can, ta zo daga nan. Ilimi ma haka. Adar da Ƙwanni mahaɗa ce. Littafin Agadas ma sunansa ya faɗi haka, ya kira ƙasar Abzin mararrabar ƙasar baƙar fata da ƙasar Barbar, ya kuma nuna cewa Gobirawa sun zauna Abzin kafin su sauko kudu.

Bari in kai ka nesa kaɗan, don ka ga ba mu kaɗai ke da irin wannan ciwo ba.

A Amurka an yi wani masanin tarihi mai suna Herbert Bolton. An haife shi a 1870, ya rasu a 1953. A zamaninsa ana koya wa yaran Amurka cewa tarihin ƙasarsu ya faro ne daga Turawan Ingila da sunka sauka gabas, sannan sunka yi ta matsawa yamma. Amma kudancin ƙasar da yammacinta, irin su Filorida da Tekzas da Kalifoniya, Turawan Sifen ne sunka fara mallakarsu. Yawancin wannan yanki ya zama na Meziko bayan ta samu ƴanci a 1821, sannan Amurka ta ƙwace shi, aka tabbatar da haka bayan yaƙi a 1848. Iyaka ta tsallake mutane suna zaune cikin gidajensu. Jiya kai ɗan Meziko ne, yau an ce kai ɗan Amurka ne. Ba ka ji kamar labarin Ƙwanni ba?

Bolton ya shiga ɗakunan ajiyar takardu na Meziko ya tono abin da anka manta. Ya hau doki da alfadari ya bi tsofaffin hanyoyin da matafiyan Sifen sunka bi, don ya ga rijiyoyin da duwatsun da idonsa. Zuwa da kai ya fi aike. A 1921 ya fitar da littafi bisa waɗannan ƙasashe na bakin iyaka, ya kuma yaye ɗalibai fiye da 100 masu digirin dakta a jami'ar Kalifoniya. Abin da ya tsaya a kai shi ne ba a fahimtar tarihin wuri in an tsaya ga layin da gwamnatoci sunka ja. Amma waɗanda sunka biyo bayansa sun kama shi da laifi guda. Ya cika sha'awar limaman mishan da sojojin Sifen, su ne jarumansa. Mutanen asali na ƙasar, waɗanda anka tarar, anka kuma sa su aikin dole, muryarsu ba ta fito sosai ba. Sai masana na baya, irin David Weber da littafinsa na 1992, sunka gyara wannan.

Hamani ya fi Bolton sa'a ta wannan gefe, don shi tarihin mutanensa yake rubutawa, da harshensu ya yi musu tambaya. Duk da haka ina da ƙorafi uku a kan littafin, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Na farko, littafin ya tsaya daidai inda tambayar dattijon nan take da zafi. Sunansa ma ya faɗa, kafin zuwan Nasara ne. Ba laifi ba ne mutum ya yanke wa aikinsa iyaka, kowane manomi ya san inda kunyarsa take ƙarewa. Amma mai karatu na Ƙwanni zai rufe littafin bai ji yadda anka yi turakun nan sunka tsaya bayan garinsa ba. Don haka bari in cike maka daga abin da wasu masana sunka tono.

A 1890 Ingila da Faransa sunka zauna a Turai sunka ja layi bisa taswira, daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi. Kudu na Ingila, arewa na Faransa. A lokacin ba ɗayansu da ke mulkin ko gari guda a nan. A watan Yuni na 1898 sunka sake zama. Wannan karon sunka kafa tsinin abin zane bisa Sakkwato sunka zagaya rabin da'ira mai nisan mil 100, wato kamar kilomita 160, sunka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙwanni tana ciki. Wurin da Malbaza take yana ciki. Da'irar ta kai har wajajen Illela ta Adar. Da an tsaya nan, da yau naira ce kuɗin harajinka.

Amma a watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, waɗanda ake faɗin sunansu Bule da Shanwan, ta iso Ƙwanni, bayan ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu. Sunka fasa birnin, sunka ƙone shi, sunka kashe jama'a masu yawa. Ba su damu da da'irar ba. Har yau akwai gidajen da ake ba da wannan labari da murya ƙasa-ƙasa.

Daga baya Faransawa sunka gane layin 1898 ya cuce su. In za su tashi daga bakin kogi zuwa Damagaram, sai sun zagaya ta arewa inda ba rijiyoyi, ayarinsu yana shan ƙishirwa. Sunka nemi a gyara. Ingila ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A 1904 ƙasashen biyu sunka shirya rigingimunsu na wurare da yawa a duniya, anka tura layin kudu, anka ƙara daidaita shi a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila sunka bi ƙasa suna kafa turaku. Ta haka Ƙwanni, wadda take bin Sakkwato tun zamanin jihadi, ta wayi gari a hannun Faransa. Ruwan shan ayarin Nasara ne ya yanke ƙasar da za ka zama ɗanta.

Kada in yi maka ƙarya in ce ko'ina da ka anka ja layin. Wata masaniya Bafaransa, Camille Lefebvre, ta nuna a littafinta na 2015 cewa a wasu wurare Nasara sun bi rabuwar da sunka tarar. Tsakanin Maraɗi da Katsina, alal misali, akwai tsohuwar gaba tun jihadi, da dajin da ya raba su. Amma a Ƙwanni abin da yake haɗe ne anka yanka.

Mutane kuwa ba su daina ƙetarawa ba. A 1906 wani malami makaho da ya tayar wa Faransawa a ƙasar Zabarma ya gudu ya shiga Satiru kusa da Sakkwato, anka yi tawaye can ma. Zamanin aikin dole da haraji mai nauyi na Faransa, garuruwa sun yi ta kwashewa zuwa kudu. Iyayenka sun ga rufewar 1984 zuwa 1986, wadda ta haɗu da fari, har anka sa wa yunwar sunan Buhari. Kai kanka ka ga ta 2019 zuwa 2020, ka ga ta 2023 wadda anka buɗe a watan Maris na 2024. Kowace rufewa, masu albasa da masu dabbobi da masu zumunci su ne ke fara ji a jikinsu.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi. Littafin tarihin sarautu ne, cikakken sunansa ma ya ce gudummawa ce ga binciken tarihin daulolin Hausa. Wanda ya hau, wanda anka tuɓe, wanda ya ci yaƙi, su ne ke gaba. Ba a manta da Azna ba, na faɗa maka da su anka fara. Amma da Agabba ya shigo, hasken fitila ya fi komawa fada da sansanin yaƙi. Ni kuwa da nake zaune kullum da manoma da matan aure, ina son in ji wasu abubuwa. Wa ya gina rijiyar da garin ya zauna dominta? A shekarar yunwa me anka ci? Matar da anka kama a hari anka kai arewa, ina jikokinta? Bayi fa, da maƙera, da masaƙa? Abin yana da dalili. Fada tana da maroƙa masu riƙe sunaye, tana da malamai masu rubutawa. Talaka ba shi da mai yi masa kirari. Mai bincike kuwa inda shaida ta fi yawa nan ƙafarsa take kai shi.

Abin mamaki, a shekarar nan ta 1975, cikin jerin littattafan nan na IRSH, wata Bafaransa mai suna Nicole Echard ta fitar da nata littafi bisa tarihin manoman Adar, yadda su da kansu suke riƙe labarin kafuwar garuruwansu da ƙaurace-ƙauracensu. Ta kuma yi bincike bisa maƙera da bori. Ni a ganina littattafan biyu kamar turmi da taɓarya ne, ɗaya ba ya daka shi kaɗai. Nata ya fi kusa da gona. Nasa ya fi ganin nesa, ya fi iya ɗaura Adar da Agadas da Kabi da Sakkwato, kuma ya fi ƙarfi wajen takardun larabci.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci. Tsofaffin da sunka ba da labarin nan da Hausa sunka ba da shi, wasu da Tamajak. Sun zauna bisa tabarma sun buɗe cikinsu. Labarin ya tafi Yamai, ya tafi Faransa, ya komo da Faransanci. Bugun 1975 Faransanci ne, bugun 2006 ma haka. Jikan mai ba da labarin, wato kai, ko ka iya karatun Hausa tsaf, in an miƙa maka littafin sai dai ka dubi taswira. Kamar mutum ne ya ba da hatsinsa a kai injin niƙa, gari ya komo cikin buhun da ba ya iya kwancewa.

Ban ɗora wa Hamani wannan shi kaɗai ba. A wancan zamani ba a ba da digiri sai da harshen Nasara, kuma yana da wani yaƙi a gabansa. Dole ya nuna wa masanan Turai, da harshensu da ƙa'idarsu, cewa muna da tarihi mai shekaru da shaidu. Ya yi wannan yaƙi ya ci. Amma bashi bai faɗi ba. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. To, in maganar ba ta tsaya bisa takarda ba, ga wurin fara aiki. Jami'ar da ke ɗauke da sunan mutumin nan tana Tawa, cikin Adar, cike da samari da ƴan mata masu jin Hausa da Faransanci. A juya littafin zuwa Hausa, ko a taƙaice ne, da manyan haruffa, a sayar da shi kuɗin da bai fi na tiyar gero ba. A karanta shi a rediyon gari. A nan ne ma za a gane inda ya yi daidai da inda ya yi kuskure, don tsohuwa a Illela tana iya jin suna ta ce: "A'a, ba shi ne uban wane ba." Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Bayan kwana biyun da na roƙa, wanda ya zama mako uku, na koma wa dattijon. Na ba ajin labarin Kanta da Agabba da Maratta da da'irar mil 100, da Hausa, ina zana taswira bisa allo. Ya saurara har na gama. Sai ya ce: "Mushe, ka faɗi na sarakuna. Kakana kuwa ba yaƙi ya kawo shi nan ba. Shanunsa ya biyo, shekarar da rijiyarsu ta ƙafe." Na ce: "Baba, wannan ba ya cikin littafin." Ya ce: "To, a sa shi."

Ran nan ba mu yi lissafi ba. Kowa ya buɗe sabon shafi ya rubuta sunan garinsa a sama, a ƙasa ya rubuta sunan wanda ya fara saran dajin, da inda ya fito, da abin da ya taso shi. Wanda bai sani ba ya tafi da kayen gida ya tambayo. Wata mata ta komo da shafi uku daga bakin surukarta, har da sunayen rijiyoyi biyu da yanzu suke cikin Najeriya. Dattijon shi layi shida ya rubuta, ya ɗauki kusan awa guda, ya goge kalmar rijiya sau biyu kafin ta zauna. Takardun suna cikin akwatina, guda 19, na ɗaure su da zare.